Wa Ya San Inda Ɗaki Yake Yoyo?

Mako biyu kafin Kirsimeti, ko kafin Sallah, rumfar tela ba ta rabuwa da mutane. Yadi ya taru tuli a kan benci, keke yana ta kuka har tsakar dare, kowa kuwa ya zo sai ya ce nasa ne na gaggawa. A irin wannan lokaci ne ake gane teloli iri biyu. Na fari yakan karɓi yadi, ya dubi mai shi sama da ƙasa sau ɗaya, ya ce, "Je ka, na gane." Na biyu yakan ajiye abin da ke hannunsa, ya ɗauko tef, ya auna kafaɗa da hannu da wuya, ya rubuta a littafi, sa'an nan ya shiga tambaya. Rigar ta zuwa biki ce ko ta zuwa kasuwa? Mai ita yana hawan babur da ita? In ta yaro ce, a bar mata kalmasa mai faɗi domin a saki in ya ƙara tsawo? Wanda yake jira a baya yakan ƙosa, ya ce a ransa wannan tela ya cika surutu.

Ran karɓar ɗinki ake rarrabewa. A rumfar na fari za a ji ana cewa, "Malam, ai ba haka na ce ba," shi kuma yana amsawa, "Ai ba ka ce kome ba." Dukansu biyu gaskiya suka faɗa. Ba a ce ba, gama ba a tambaya ba. Yadin kuwa an riga an yanka, kuɗin da mutum ya yi wata uku yana tarawa ya zama rigar da zai sa da ɓacin rai, ko ya ba ƙanensa.

Mutane da yawa suna ɗauka wannan zancen gwaninta ne kurum, wai wani tela ya fi wani iya aiki. Sau da dama kuwa telan da bai yi tambaya ba shi ne ya fi hannu, gwanintarsa ce ma ta sa ya ga ba ya bukatar tambaya. Saboda haka maganar ta wuce gwaninta, ta taɓa amana. In mutum ya ƙware a sana'arsa, yana kuma nufin alheri da zuciya ɗaya, yana da iko ya yanke wa wani abin da ya dace da shi ba tare da ya ji ta bakinsa ba? Kyakkyawar niyya ta isa ta tsaya a gurbin tambaya?

Kafin a amsa, ya kamata a lura da wani abu. Kowace sana'a ta ƙira tana da matakai da ake bi ɗaya bayan ɗaya, ba kuwa don ado aka jera su ba. Tela yana tambaya, ya yi awo, ya shata da alli, ya yanka, ya harhaɗa, ya kira mai riga ya gwada, sa'an nan ya gama. Magini na kirki, kafin ya haƙa harsashi, yakan shata ɗakin a ƙasa da sanda ko da toka, ya kira maigida ya tsaya a ciki. A nan ne uwargida za ta leƙo ta ce ƙofar ta fuskanci gabas, ga shi kuwa daga gabas ruwan damina yake bugowa. Sai magini ya share shatar da ƙafa, ya sake wata. Gyaran bai ci ko sisi ba. Da an bari sai bango ya tashi, da gyaran nan ya ci tubali da kwana da zumunci. Abin da aka shata da alli hannu yana goge shi, amma abin da almakashi ya raba ya rabu. An jera matakan ne domin kuskure ya fito tun yana da araha, tun mai abu yana iya cewa a'a. Wanda ya tsallake mataki bai rage wahala ba, ya dai ɗauke ta daga wuyansa ya ɗora a wuyan wanda zai zauna da abin.

Akwai labarin da ya nuna haka a fili, ba kuwa labarin malalaci ba ne ko mazambaci. Labarin mutumin kirki ne, shi ya sa ya cancanci a tsaya a kansa.

A ƙasar Masar, a yammacin kogin Nilu daura da birnin Luksor, akwai duwatsun da aka binne Fir'aunoni da manyan fadawansu shekaru dubbai da suka wuce. A kan waɗannan kaburbura, wani wuri ma a cikinsu, mutanen wani ƙauye mai suna Gurna suka gina gidajensu. Waɗansu suna aikin tono tare da masu binciken kayan tarihi, waɗansu suna sayar wa baƙi 'yan sassaƙe-sassaƙe, waɗansu kuma suna haƙa a ɓoye su sayar da abin da suka samu. A 1881 ne ma asirin wani gida na ƙauyen ya tonu, cewa sun yi shekaru suna ɗibar kaya daga wani kogon da aka ɓoye gawawwakin sarakuna da yawa. Hukumar kula da kayan tarihi ta gaji da sata, sai ta ƙudura ta tashi mutanen, su wajen 7,000, ta gina musu sabon ƙauye a ƙasa, cikin filin noma. A 1945 aka danƙa aikin a hannun wani masanin tsara gine-gine, Hassan Fathi.

An haifi Fathi a Iskandariya a 1900. Mutum ne da talaucin manoman ƙasarsa ya dame shi ƙwarai. Ya ga siminti da ƙarfe sun fi ƙarfin talaka, ga zafi kuma da rani, sai ya koma ga tubalin ƙasa. Ya ɗauko magina daga wajajen Aswan, waɗanda suka gaji hanyar rufa ɗaki da tubali zalla, a yi baka ko ƙubba ba tare da azara ba. Bai yarda a jera gidaje iri ɗaya kamar bariki ba. Ya so kowane iyali ya sami gida daidai da yawansa, kowane dangi su zauna a unguwa guda. Ya gina masallaci, da kasuwa, da makaranta, da masaukin masu sana'a, har da dandalin wasan kwaikwayo. Ya san kuma in an raba mutanen da kaburbura an raba su da abinci, don haka ya shirya a koya musu saƙa da ginin tukwane da waɗansu sana'o'i. Wanda ya dubi hotunan ginin har yau zai ce madalla.

Mutanen Gurna kuwa suka ƙi tashi. Fathi da kansa ya ba da labarin cikin littafin da ya rubuta, wanda aka fara bugawa a 1969, aka sake bugawa a Amurka a 1973 da sunan Architecture for the Poor, watau tsarin gini domin matalauta. Ya ce ya nemi shawararsu amma ba su ba shi wata amsa mai kauri ba, matan kuwa, waɗanda su ne suka fi sanin cikin gida, bai sami zama da su ba. Wata shekara madatsar da ke kare filin ta ɓalle, ruwa ya shiga cikin ginin, shi kuwa ya tabbata a ransa da gangan aka fasa ta. Ga jan ƙafar ma'aikatan gwamnati, ga ƙarancin kuɗi, ga annobar kwalara da ta faɗa wa Masar a 1947. Cikin 'yan shekaru aikin ya tsaya, ba a gina ko rabin abin da aka tsara ba.

Ba daidai ba ne a ɗora wa Fathi dukan laifin, gama ba shi ya yanke shawarar tashin ba. Amma a nan ne zancen yake. A cikin kowane aiki akwai mutum uku, ko da yake a rumfar tela sau da yawa biyu daga cikinsu mutum ɗaya ne. Akwai mai biya, akwai mai yi, akwai mai amfani da abin. A Gurna mai biya gwamnati ce, bukatarta kuwa a bayyane take, a raba mutane da kaburbura. Mai amfani manomi ne da matarsa da 'ya'yansa, su kuwa ba su roƙi kowa ƙauye ba. Sa'ad da Fathi ya zo yana tambayarsu ɗaki nawa suke so, ina za a sa murhu, ina za a ɗaure saniya, an riga an amsa babbar tambayar a Alƙahira ba da su ba. Mutumin da aka ce masa ya zaɓi launin rigar da bai ce a ɗinka masa ba, in ya yi shiru ba wauta ce ta sa ba. Shirunsa amsa ne, sai dai ba ita ake so a ji ba.

Ashe tambaya iri biyu ce. Akwai wadda amsarta take iya juya aikin, har ta tsai da shi. Akwai kuma wadda ake yi bayan an gama yanke magana, domin a ce an tambaya. Talaka yana rarrabe su da sauri fiye da yadda masu ilimi suke zato.

Har ma ƙubbar da Fathi yake alfahari da ita, an ce mutanen wurin da yawa ba su so ta a kan ɗakin kwana ba, domin a wurinsu ƙubba ta hubbaren matattu ce. In haka ne, abin mamaki ne a ce mutanen da suke kwana a kan kaburbura sun ƙi ɗaki don ya yi kama da kabari. Amma zuciyar mutum ba ta bin lissafin baƙo, wanda kuwa bai zauna ya ji ba, ba zai taɓa hango irin wannan ba.

Wannan haɗari ya fi yawa a aikin taimako. Mutumin da ya biya tela da kuɗinsa yana da bakin yin ƙorafi, in ya ga dama ya sake tela. Wanda aka yi wa kyauta ba shi da wannan baki. Kunya za ta hana shi, tsoron kada a ce ya yi butulci za ta hana shi, sai ya yi godiya, ya bari baƙi su tafi, sa'an nan ya bar abin ya lalace. Ko gwamnati ce, ko ƙungiya, ko kwamitin ikilisiya da ya tara kuɗi domin rijiya ko ɗakin shan magani, duk wanda yake bayarwa yana jin "mun gode" ne kawai, daga nan kuwa ba ya iya gane ko ya yi daidai. An sha ganin rijiyar da maza suka zaɓi wurinta a zaure, alhali mata ne za su ɗauki tulu. Ba mugunta aka yi ba. An dai tambayi wanda ya fi sauƙin tambaya.

To, amma akwai mai gardama, gardamarsa kuwa tana da ƙarfi. Zai ce, in mai ba da aiki ya san kome, me ya kawo shi wurin mai sana'a? Ai mutane sukan so abin da zai cuce su. Wani ya kawo yadi uku ya ce a fitar masa da babbar riga. Wani ya ce a rage siminti a harsashi domin a sami kuɗin fenti. Maginin da ya bi wannan don wai yana sauraron maigida, ba tawali'u ya yi ba, ya ci amana ne, ran da bango ya faɗa wa yara kuwa ba zai kuɓuta da cewa haka aka ce masa ba. Gaskiya ne mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma ba lalle ne ya san dalilin yoyon ba, balle maganinsa. Ya san inda ruwa yake ɗiga, magini kuwa shi ya san indararo ne ya toshe can wani gefe.

Wannan duk haka yake. Sauraro ba biyayya ba ce. Abin da mutum ya ce yana so dabam, abin da yake bukata dabam, aikin gwani ne ya tono na biyun daga ƙarƙashin na farin. Sai dai ta wannan ƙofa ce girmankai yake shigowa da sallama. Duk wanda ya taɓa danne wani don wai amfaninsa, da wannan hujja ya fake, cewa ya fi shi sanin bukatarsa. To, ta yaya za a rarrabe gwanin da ya hango abin da mai aiki bai hango ba, da gwanin da yake bin son zuciyarsa ya sa masa sunan bukatar mutane? Duban zuciya ba zai raba su ba, gama dukansu biyu sun gaskata kansu.

Wani aiki a Burkina Faso ya nuna inda za a duba. A ƙauyen Gando, kusa da Tenkodogo, aka haifi Francis Kere a 1965. Ɗan sarkin ƙauyen ne, kuma tun yana ɗan shekara bakwai aka tura shi wani gari karatu, domin babu makaranta a Gando. Ya zauna cikin aji na bulo mai cike da yara, mai zafi, marar iska. Ya koyi aikin kafinta, ya sami tallafin tafiya Jamus, daga baya ya shiga karatun tsara gine-gine a Barlin. Tun yana ɗalibi ya tara kuɗi daga abokai domin ya gina wa ƙauyensu makaranta. Da ya dawo ya ce da ƙasa za a gina, sai gwiwar mutane ta yi sanyi. Su da suke yaɓe kowace shekara bayan damina, sun san halin ginin ƙasa. Abin da suke so shi ne bulo da kwano irin na birni, ga shi ɗansu ya je har Turai ya komo musu da laka.

A nan Kere yana tsaye daidai inda Fathi ya tsaya, kayan gini iri ɗaya, tabbaci iri ɗaya cewa ya fi mutanen hangen abin da zai yi musu amfani. Bai bi abin da suka ce ba. Amma bai ce musu su yi shiru shi ne mai ilimi ba. Ya gane abin da ke ƙarƙashin maganarsu, watau ba siminti suke ƙauna ba, ginin da damina ba za ta ci ba suke nema. Sai ya buga tubali na ƙasa da ɗan siminti, aka matse shi da injin hannu, ya jefa shi cikin bokitin ruwa ya bar shi kwanaki, ya fito da shi bai narke ba. A wani ginin daga baya, da suka yi shakkar rufin baka, ya gina guda na gwaji, ya hau kansa da mutanensa suka tsaya a gaban kowa. Gani ya kori ji. Da tubalin ya narke cikin bokitin, da magana ta ƙare a nan, shi ma ya san haka sa'ad da ya jefa shi.

Tsoronsu kuma ya shiga cikin tsarin. Aka ɗora rufin kwano mai faɗi wanda ya zarce bango sosai domin ruwa kada ya taɓa shi, aka ɗaga shi sama a kan ƙarafa, ƙarƙashinsa kuma rufin tubali, yadda iska za ta ratsa tsakani ta kwashe zafi. Yara suka tara duwatsun harsashi, mata suka kawo ruwa, suka daɓe ƙasa. Aka gama makarantar a 2001. Ta sami lambar yabo ta Aga Khan a 2004, shi kuma Kere a 2022 ya karɓi lambar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a wannan sana'a, shi ne kuwa ɗan Afirka na fari da ya same ta. Abin da ya fi lambobin nan nauyi shi ne, yara suka cika azuzuwan har aka ƙara waɗansu, aka gina gidajen malamai, waɗanda suka koyi aikin a wurin kuma suka sami sana'ar ci da kansu.

Kada a sauƙaƙa kwatancin fiye da kima. Kere ɗan gida ne, ɗan sarki kuma, yana jin harshen, ya san wace tsohuwa ce in ta yarda sauran mata za su yarda. Fathi baƙo ne daga birni, da takardar gwamnati a hannu. Mutanen Gando suna son makaranta tun kafin a yi maganar tubali, gardamarsu a kan hanya ce kawai. Mutanen Gurna ba su taɓa son tafiyar ba, balle a yi gardamar hanya. Duk da haka bambancin da ke hannun mai sana'a a bayyane yake. Ɗaya ya ajiye saninsa a inda mai abu zai gwada shi da idonsa, ya kuma ƙi in bai gamsu ba. Ɗayan, ko da ya so yin haka, an ba shi aikin da ba a bar wa mai abu wurin ƙi ba, ya kuwa karɓa, domin ya ga dama ce ta nuna wa duniya abin da tubalin ƙasa zai iya.

Ya kuwa nuna. Littafinsa ya zaga duniya, magina da yawa a Afirka da Asiya da Amurka sun koma ga ƙasa saboda shi, a 1980 aka ba shi manyan lambobin yabo, ya rasu a 1989 da girmansa. Sabuwar Gurna ma ba ta zama kango ba. Sannu a hankali waɗansu mutane suka shiga gidajen, suka toshe abin da ba su so, suka ƙara abin da suke bukata. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso ya ci harsashi, da yawa suka rushe nasu suka sake ginawa da siminti, hawa biyu ko uku, domin 'ya'ya sun yi aure ana neman ɗaki. Hukumar UNESCO ta sa hannu daga baya domin a ceci masallacin da waɗansu gine-ginen da suka rage.

Su kuwa ainihin mutanen da aka gina ƙauyen dominsu, suka ci gaba da zamansu a kan dutsen har shekara sittin. Sai a ƙarshen 2006 gwamnati ta kawo motocin rusau, ta fara kwashe su zuwa waɗansu gidaje da ta gina musu a gefen hamada.